Kallon Suruki a Ɗakin Zane na Lyon

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. In na zauna a fadarmu ta bakin kasuwa, kafin a zuba na farko wani zai ce, "Haruna, wai da gaske ne tsirara suke zana mutane?" Wani ya ce, "Ka ci naman doki?" Har mai gyaran babur da bai taɓa wuce Mirya ba yana da tasa tambayar. Na gaji da maimaici, kuma na lura duk wanda ya ɗauki labarin sai ya ƙara masa gishirinsa, har na ji ana cewa wai ni aka tuɓe. To ga shi daga bakina, wanda ya ƙara wani abu shi da Allah.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai fenti ne. Shekara ashirin da wani abu, duk kan da kuka gani a allon mai aski a Damagaram, duk kazar da ke ƙofar mai gashi, duk matar da ke murmushi jikin bitik, wato kanti, riƙe da gwangwanin madara, hannuna ne. Sai injin buga hoto ya shigo gari. Yaro ya zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, ya sato hoton ɗan ƙwallo, ya buga kan leda, shi ke nan ya zama gwani. Rana ta cinye ledar kafin damina, amma wa ya damu? Aiki ya ƙafe, ga mata ga ƴaƴa biyar.

Ana nan sai wata lakwal mai zaman kanta ta ce tana neman malamin zane. Na je wurin diraktan, wanda allon ƙofar makarantarsa ma ni na rubuta. Ya ce, "Malam Haruna, hannu kam akwai, kowa ya sani. Amma ina takarda? Iyayen yara takarda suke tambaya. Kawo mini shaida daga wata makarantar zane, ko ta wata uku ce, in riƙe maka wurin zuwa buɗe lakwal." Na fito ina huci. Wato abin da ido ke gani jikin bango bai isa shaida ba sai Bature ya sa hannu.

Matata Zainabu ce ta tuna da Baba, wan mahaifinta, wanda shi ya ba ni aurenta. Ya fi shekara talatin a Lyon, kuma duk dangi sun san yana aiki a makarantar zane. Aikin me, ba wanda ya taɓa tambaya. Mu dai a ranmu mun ba shi buro, ofis nasa na kansa, da tarin makullai. Ta kira shi, bai ja zance ba, ya ce in zo. Takardun gayyata suka iso.

Hanyar Yamai kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Babbar motar fasinja, kar, ta kwashe mu tun asuba, aka haɗa ni kujera da wani ɗan kasuwa da ya yi barci kan kafaɗata tun daga Tasawa, ya farka a Doso ya ce mini tafiya ba wuya. Wurin biza wata mata bayan gilashi ta tambaye ni me zai tabbatar mata zan dawo. Na ce, "Madam, ina da mata da ƴaƴa biyar da akuya mai ciki." Ba ta yi dariya ba, amma ta buga hatimi.

A filin jirgin Paris duwan, wato ƴan kwastan, suka buɗe jakata. Kilishin da Zainabu ta ƙulla wa Baba suka fara ɗauka, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Ina kallo aka jefa shi kwandon shara, kilishin da in a gida ne sai an yi rantsuwa kan rabonsa. Garin kuka da daddawa suka shinshina, ɗayan ya ja da baya, suka mayar mini da sauri. Sai suka warware allon samfurin aikina, kawunan maza goma sha biyu jere, wasu ta gaba wasu ta gefe. Babbansu ya ɗaure fuska ya ce, "Su wane ne waɗannan? Nemansu ake?" Na ce askin mai aski ne, mutum ya nuna wanda yake so a yi masa. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa kan na huɗu, ya shafa sanƙonsa, ya ce in wuce.

Laminu ne ya tarbe ni, ɗan wani tsohon abokina mutumin Tawa, yana karatun tarihi a jami'ar Saint-Denis. Ɗakinsa in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango da bango. Ya ba ni gado ya kwanta ƙasa, ya kawo burodi da wani cuku mai wari. Na ce, "Laminu, wannan ya lalace." Ya ce, "Kawu, haka ake sayensa, mai tsadar ne ma." Na tuna ɗan duwan ɗin da ya guji daddawata, na ce lallai kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Washegari muka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na goma sha uku, inda ake cusa mutane kamar buhunan albasa amma ba mai ce wa wani sannu. Ni da na shiga na yi sallama, sai kowa ya riƙe jakarsa. Ya kai ni babban gidan ajiye zane-zane. Ku ji ikon Allah: mutanen da ke jikin bango da na dutse duk ba sutura, masu kallonsu kuwa kowa ya naɗe har wuya. Amma gaskiya ɗaya ce, hannu na gan shi a can. Akwai wani tsoho da aka zana, jijiyar wuyansa kamar ka taɓa ta motsa. Na tsaya gabansa har mai gadi ya matso, kuma na ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Daga nan muka bi bakin kogi zuwa ƙofar tsohuwar makarantar zane ta gwamnati. Ba mu shiga ba, daga waje Laminu ya ba ni tarihi. Ya ce a dā duk mai son a kira shi gwani sai ya bi mataki: ya kwafi zanen wasu, ya zana gumaka, sannan a bar shi ya hau ɗakin da ake tsayar da mutum mai rai. Wanda bai shiga ɗakin nan ba, ba a ba shi manyan ayyuka na sarakuna da yaƙe-yaƙe, sai furanni da kwanon lemo. Shekaru aru-aru ba a bar mace ta zauna ta yi zane a ciki ba, wai kar tarbiyyarta ta lalace.

Na ce, "To matan da na gani jikin bango fa, daga ina aka gan su?"

Ya ce, "Ai wadda za ta tuɓe ta tsaya a zana ta an yarda ta shiga, Kawu. Mai riƙe gawayi ce tarbiyyarta ke lalacewa. Daga baya kuma suka ce mata ba su iya komai ba sai furanni."

Na ce, "An ɗaure akuya a turke an ce ba ta san hanyar daji ba."

"Irinmu ma ta ƙofar masu tsayuwa suka fara shiga," in ji shi.

Na ce masa mu ma a gida muna da namu, ɗan maƙeri ba ya neman ɗiyar wane, kowa ya san wannan. Amma mu ba mu rubuta "daidaito" da manyan baƙaƙe a goshin kowane gini kamar yadda suka yi ba.

Jirgin ƙasan Lyon gudu yake kamar an biyo shi. Na ƙi sayen komai a tasha, ina cewa in an tsaya hanya zan sayi dafaffen ƙwai ta taga. Tagar ma ba ta buɗewa. Na isa da yunwa, na bi metiro da taram, jirgin kan titi, kamar yadda aka kwatanta mini har Vénissieux, unguwar dogayen benaye, inda ka ji Larabci nan, Bambaranci can, Faransanci kuwa sai a bakin yara.

Nan fa wahalar gaske ta fara, kuma ba ta Turawa ba ce, tamu ce. Kun san tsakanin mutum da surukinsa. A gida, in Baba ya zo hutu na hango shi, sai in sake hanya, in ta kama dole in tuɓe takalmi in durƙusa, ido a ƙasa. Ba na ci gabansa, ba na dariya gabansa. To a ɗauki wannan a zuba cikin gida mai ɗaki uku da makewayi ɗaya, a hawa na sama, ga sanyi ba damar zama waje. In ya fito falo in shige ɗaki, in na ji tarinsa a lungu in koma da baya. Matarsa, Inna, ita ce wayar da ke tsakaninmu. Yana zaune taku biyu da ni zai ce, "Gaya wa baƙonki famfon hagu ne ruwan zafi." Ni kuma in ce, "Inna, a ce na gode." Ita ko ta ce, "Ku dai Allah Ya shirye ku, kun mayar da ni tangaraho."

Mafi muni asansar, akwatin nan da ke hawa da mutane bene. Wata rana ƙofa ta buɗe na faɗa ciki, ashe yana nan. Na juya masa baya don ladabi, sai ga madubi bango guda. Na juya gefe, nan ma madubi. Haka muka sauka kowa na kallon takalminsa, ni a rabin durƙuso, har wata Balarabiya da ta shigo a hawa na biyar ta tambaye ni ko cikina ke ciwo. Abinci kuwa Inna ba ta gaza ba, tuwon garin alkama take tuƙawa da miyar kukar da na kawo, ta kai mini ɗaki in ci ni kaɗai.

Makarantar tana cikin tsohon gari, kan tudu, wani gida mai matakala da ta ci gwiwar mutane da yawa. Ba ta gwamnati ba ce, ta wani dattijo ce da kowa ke kira Mushe, wato "malam" a Faransanci, mai gashin baki kamar tsintsiyar laushi. Alfaharinsa shi ne bai sake ko ƙusa ɗaya daga yadda kakanninsa suka koyar ba. Yana da wani ɗalibi, Tibo, wanda shi ne sarkin aji, shi ke kiran suna, shi ke raba kaya. Ranar farko Tibo ya miƙo mini takarda, da gawayi siriri, da guntun burodi. Na ce a raina ashe dai suna da karamci. Na yi bisimilla na cinye. Ɗaki ya fashe da dariya. Ashe da cikin burodin ake goge kuskure. Abincin da ake durƙusawa a ɗauka in ya faɗi ƙasa, shi suke murzawa kan gawayi su zubar. Har na baro garin ban saba ba, kullum in na murza sai na ce astagfirullah.

Na nuna wa Mushe allon kawunana. Ya kalle shi kamar an miƙa masa kifin jiya, ya ce, "Ƙasa." Ƙasa kuwa shi ne ɗakin gumakan farar ƙasa, can ƙarƙashin gida, inda sababbi ke farawa. Aka ajiye mini kunne. Kunne ɗaya, babba kamar faifai, ba kai ba wuya. Ni da na zana kawunan da suka fi mutanen unguwarsu yawa, na zauna mako guda ina zana kunne. Da na gama aka kawo hanci.

Mushe yakan sauko ya tsaya bayana yana numfashi. "Hannunka ya cika sauri. Abin da ka sani kake zanawa, ba abin da ke gabanka ba. Duba, Mushe Haruna, duba." Ya koya mini miƙe hannu, in runtse ido ɗaya, in auna da babban yatsa. Raina ya ɓaci, don na san a wannan kam yana da gaskiya. Duk kawunana na gida kunnensu iri ɗaya ne, ban taɓa lura ba sai a ramin nan.

Abokan zamana yawanci matan likitoci ne da tsofaffin ma'aikata da suka gaji da zaman gida. Wata hajiyarsu mai kirki, kullum da ɗan kare a jaka, ta dafa ni ta ce, "Me ya kai ka koyon namu? Ku da kuke da dodannin katako masu ban sha'awa, ka zana abinku mana, ya fi fitowa daga zuciya." Na ce, "Madam, dodon katako ban taɓa ganinsa ba sai a Paris, cikin gilashi. Ku kuka kwashe, ku za ku ba mu labari." Ta ce ina da barkwanci.

Abin da ke cin raina shi ne, Mushe ba ya sa hannu kan kunne ko hanci. Shaidarsa ɗaya ce: zanen mutum mai rai, daga kai har ƙafa, da fuska da hannuwa, wanda aka yi a ɗakin sama cikin mako guda. Shi yake sa wa hannu da hatimi, shi ne takardar. Ga bizata na ƙarewa, ga diraktan can yana jira. Na yi ta bin Mushe kamar mai roƙon iri, har ya ce to, makon ƙarshe in hau.

Duk zaman nan ban taɓa cin karo da Baba a makarantar ba. Na duba buro, ba shi. Mai makullai ma wani Bafotuge ne, mutumin Fotugal. Na tambayi Inna, ta ce, "Yana da ranakunsa." Ranar Litinin ɗin da zan hau sama, tana miƙo mini shayi ta ce, "Haruna, abin da ka je nema shi za ka sa a gaba. Ka ji ko?" Na ce na ji, ban gane komai ba.

Ɗakin sama babba ne, taga a rufi, dandamalin katako a tsakiya, kujeru kewaye da shi. Nan na ga wata al'adar. Ba a zama inda aka ga dama. Tibo ke kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira ya zaɓi wurinsa, kuma inda ka zauna Litinin nan za ka zauna har Asabar, ko gini zai faɗi. Wai bisa ƙwarewa ake jerin. Ƙwarewar kuwa na ga irinta: na farko jikan abokin Mushe ne, ta biyu mai ɗan kare ce, wadda in ta zana hannu sai ka ce reshen ayaba. Aka yi ta kira, gaba ta cika, gefe ya cika. Sunana ne na ƙarshe, kujera ɗaya ta rage, can baya kusa da ƙofa.

Tibo ya raɗa mini, da tausayinsa, "Daga nan bayan mutum kawai za ka gani. Mushe ba ya sa hannu kan baya. Ko zuwa nan ba ya yi." Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na ƙetare hamada da teku, na ci burodin goge-goge, na yi wata biyu da kunne da hanci, don a zaunar da ni inda ba a gani.

Ina fiƙe gawayi, kaina a ƙasa, sai wata ƙaramar ƙofa ta buɗe bayan labule, mai tsayuwa ya fito cikin doguwar riga. Ƙafafunsa na fara gani. Wata biyu ba abin da nake kallo a masaukina sai ƙafafun nan, da babban yatsan da farcensa ya tsage. Gawayin ya faɗi daga hannuna. Baba ne.

Ya hau dandamali, ya tuɓe rigar, ya rage daga shi sai gajeren wando. Ba wanda ya gaishe shi. Mushe ya ce ya ɗaga haɓa, ya karkata kafaɗa, ya ɗora hannu kan sanda. Tibo ya zagaye tafin ƙafafunsa da alli, don in ya huta ya dawo daidai inda yake. Dattijon da nake tuɓe wa takalmi, ga yara sa'o'in jikokinsa sun miƙe hannu sun runtse ido suna auna shi da yatsa.

Wallahi a lokacin godiya na yi wa Allah da aka jefa ni baya. Na ce gara in rasa takardar da in ɗaga ido in dubi surukina a haka. Na zana bayansa ranar nan, ina yi ina kau da kai. Da yamma kowa ya bi hanyarsa zuwa gida. Inna ce da ta kawo mini tuwo ta tsaya bakin ƙofa ta ce masaƙa ya zo yi wa aiki, masaƙar ta rufe, wani mai zane ya gan shi a tasha ya ce yana da ƙira. Ta ce, "Shi ma yana yaro har dukansa aka yi kan zane a bangon mutane. Da ya fara aikin nan ya roƙi a bar shi ya zauna ajin yamma. Suka ce masa kowa da wurinsa. Bai ƙara tambaya ba. Kuma bai yi wa kowa ƙarya ba, makarantar zane ya ce, a nan yake aiki."

Talata aka ci gaba. Da aka yi hutun farko ya sa rigarsa ya zauna kusa da murhu shi kaɗai, ni kuma na lafe bayan allona. Aka ce a koma. Ya hau dandamali, ya tuɓe riga, ya dubi zanen allin da ke ƙasa. Sai ya taka shi, ya juya gaba ɗaya, ya ba masu gaba baya, ya fuskanci ƙofa. Ya ɗaga haɓa, ya ɗora hannu kan sanda.

Ɗaki ya ruɗe. Mushe ya taso gashin bakinsa na rawa, ya ce me ke nan, ya koma kan alli. Baba ya amsa da Faransanci, a hankali, kamar mai sayen goro. "Gwiwata ba ta ɗaukar wancan gefen yau, Mushe. Ko haka, ko in tafi gida." A tsakiyar mako ba inda za a samo wani. Mai ɗan kare ta ɗauki kujerarta za ta zagayo, wasu suka bi ta. Tibo, Allah Ya yi masa albarka, ya ce da ƙarfi, "Mushe, a sake wuri ke nan?" Mushe ya yi ja, ya yi fari. Shekara nawa yana cika baki bai taɓa sake ƙusa ba. Dole ya ce kowa ya zauna inda yake, a juya takarda a fara sabo.

Kujerar ƙarshe ta zama ta farko, ni kuwa na kasa ɗaga kai. Ina kallon ƙasa, zufa na bin bayana cikin sanyin nan. Sai na ji Hausa a ɗakin, ƙasa-ƙasa, ba ta bakin Inna ba.

"Haruna, ɗago kanka."

Ban motsa ba.

"Shekara talatin ina kallon kujerun nan, ban taɓa ganin namu a kai ba. Ba don ka zana mini ƙeya na kawo ka ba. Ɗago ka yi aikinka."

Na ɗago. Kunya ta kama ni, na so ƙasa ta tsage in shige. Ranar na san fuskar mutumin da ya ba ni mata: tsaga biyu a kowane kunci, gira mai furfura, ido ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta kaɗan. Bai dube ni ba, ya kafa ido saman ƙofa, bai ƙara motsi ba. Na miƙe hannu, na runtse ido, na auna surukina da yatsa, ina neman gafarar Allah. Can aiki ya ɗauke ni. Na zana wuyan, da ramin kafaɗa, da jijiyoyin hannun da ke kan sanda, da gwiwar da ba abin da ya same ta.

Ranar Asabar Mushe ya tako har baya, inda aka ce ba ya zuwa. Ya daɗe tsaye yana numfashi. Ya karɓi gawayina ya ɗan taɓa kunnen, don dai kar a ce bai gyara komai ba. Sannan ya sa hannu a ƙasan takardar ya buga hatimi, ya wuce.

Ana gobe zan taso na ji Inna na waya a kicin, tana "to, to" da muryar da ba tata ba. Da ta ajiye ta ce daga makaranta ne, wai sun gode, sun sami wani mai ƙuruciya. Mai tsayuwar da ya motsa sau ɗaya ba a ƙara kiransa, kuma Baba ya fi kowa sanin haka. Raina ya yi baƙi ƙirin. Na ce zan koma in yaga takardar a gaban Mushe. Inna ta ce, "Ka yaga, ka ga ya yi asara biyu ke nan."

Na je ƙofar falo na durƙusa, ido a ƙasa kamar kullum. Na ce, "Inna, a ce wa Baba ya yafe mini, ni na jawo."

Baba ya ce, "Gaya masa ya kawo zanen in gani."

Na miƙa da hannu biyu. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Inna ta ce mini daga baya, duk ɗaruruwan da suka zana shi ba wanda ya taɓa juyo allo ya nuna masa.

"Ya tsufar da ni," in ji shi. Ya naɗe takardar a hankali ya ajiye gabana. "Ya kai wa mai lakwal. In an tambaye shi wane ne wannan, kar ya ce wani tsoho ne. Ya faɗi sunana. Duk wanda ya tambaya ya faɗa masa, da aikin da na yi."

Na iso Damagaram ana saura kwana kaɗan a buɗe lakwal. Na shimfiɗa zanen kan teburin dirakta. Hatimin ya fara dubawa, ya shafa shi da yatsa, ya ce madalla, wuri nawa ne. Sai ya ja baya ya dubi mutumin, ya ce, "Ikon Allah, wannan ai namu ne. Wane ne?"

Tun da na yi aure sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Na dubi ƙofa ko akwai mai ji. Na ce, "Mamman Sani ɗan Ibrahim. Surukina ne."

Ya ce to in rubuta a jiki mana, tunda za a rataya a aji. Na ɗauki alƙalaminsa na rubuta da manyan baƙaƙe, irin na allon kanti, sama da sa hannun Mushe.